Wasiyyar da lauya ya rubuta wa Baba: wace doka ce za ta hau kanta?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya daga Kaduna. Mahaifinsu Musulmi ne, ya yi shekaru yana aiki a Legas kafin ya dawo gida, ya rasu wata uku da suka wuce. Ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku, mata huɗu, da jikoki biyu na babban ɗansa wanda ya riga shi rasuwa. Bayan sadakar arba'in sai wani lauya ya fito da wasiyya a rubuce: gidan Kaduna na amarya ne da 'ya'yanta, gidan Legas na ɗaya daga cikin 'yan matan, naira miliyan 10 kuma a bai wa jikokin nan biyu. Lauyan ya ce Kotun Ƙoli ta daɗe da yanke cewa Musulmi na iya raba dukiyarsa yadda ya ga dama. Limamin unguwa ya ce takardar banza ce, a yaga. Wa ke da gaskiya?

Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Ɗan'uwa, kowannensu ya riƙo wani yanki na gaskiya ya saki sauran. Lauyan yana karanta maka hukuncin Kotun Ƙoli na 1971 kamar ba a sake yin wata doka ba tun lokacin. Malam liman kuma ya manta cewa a cikin takardar nan akwai abin da shari'ar Musulunci da kanta ta wajabta a zartar. Sannan amsar gidan Kaduna daban take da ta gidan Legas, domin a Nijeriya dokar wasiyya hurumin jiha ce, ba iri ɗaya ba ce a ko'ina.

Bari in fara da inda lauyan ya samo maganarsa. Da Turawa suka zo, sun taho da dokokin da ke aiki a Ingila kafin 1 ga Janairun 1900, cikinsu har da dokar wasiyya ta 1837. Dokar nan ta sakar wa mai dukiya mara. In ya rubuta, ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma suka sa hannu a gabansa, to ko duk abin da ya mallaka ya bai wa mutum ɗaya ya bar 'ya'yansa hannu rabbana, ta zauna. A shari'ar Adesubokan da Yunusa, wani ɗa ya ƙalubalanci wasiyyar mahaifinsa Musulmi saboda ta tauye masa rabonsa. Alƙalin Babbar Kotu da ya fara sauraron ƙarar, Mai Shari'a Muhammad Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ya ce Musulmi na iya rubuta wasiyya amma ba shi da ikon hana magada abin da mazhabar Malikiyya ta yanka masu. A 1971 Kotun Ƙoli ta rushe wannan hukunci, ta ce dokar 1837 ce ke sama, Musulmin da ya zaɓi ya bi ta ya fita daga ƙaidin sulusi, wato kada wasiyya ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya. Wannan shi ne makamin da lauyan da ya kawo wasiyyar ke riƙe da shi, kuma hukuncin gaske ne, ba ƙirƙira ya yi ba.

Abin da bai gaya maka ba shi ne jihohi da dama sun yi nasu dokokin wasiyya bayan nan, suka ajiye ta 1837 gefe. Dokar wasiyya ta Jihar Kaduna, wadda ke cikin kundin dokokin jihar na 1991, ta bai wa kowa ikon yin wasiyya, sai ta yi togaciya biyu. Ba ta hau kan dukiyar da al'adar mutum ta hana shi bayarwa ba, kuma ba ta hau kan wasiyyar mutumin da shari'ar Musulunci ke hukunta shi har zuwa rasuwarsa ba. Kwara da Oyo ma suna da irin wannan togaciya. An gwada ta Kwara a shari'ar Ajibaiye da Ajibaiye, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a Ilori a 2007. A can, mamacin da kansa ya rubuta cikin wasiyyar cewa dokar Ingila yake so a bi, ba ya son a raba dukiyarsa bisa shari'ar Musulunci. Kotu ta ce dokar 1837 ta daina aiki a Kwara tun da jihar ta yi tata, shi kuwa ya rayu Musulmi ya mutu Musulmi, don haka ba shi da wannan zaɓin. Wasiyyar ta faɗi. In har wanda ya fito fili ya ce ba ya so bai tsira ba, ina ga Baba da bai ce komai ba?

Ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce: gida da fili suna bin dokar wurin da suke, kuɗi da mota da hannun jari suna bin dokar inda mamaci ya ɗauka mazauninsa na dindindin. Baba ya dawo Kaduna ya zauna har ajalinsa. Saboda haka gidan Kaduna da kuɗin banki da sauran kayan ɗauka, da ma'aunin shari'ar Musulunci za a auna su. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 277, ya bai wa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin duba al'amuran wakafi, kyauta, wasiyya da gado idan mamacin Musulmi ne, ƙararrakin kuwa daga ƙananan kotunan shari'a suke tasowa. Can maganarku za ta dosa in ba ku sasanta ba.

To me ma'aunin zai ce? Da farko a fitar da kuɗin likkafani da jana'iza, sai bashi, har da sadakin da bai cika ba in akwai, sai wasiyya, sannan gado. Wasiyya kuma tana da iyaka biyu da kowane almajiri ya sani. Ba ta wuce sulusi, kamar yadda Annabi (SAW) ya gaya wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas lokacin da ya so bayar da mafi yawan dukiyarsa: sulusi, sulusin ma da yawa. Kuma babu wasiyya ga magaji. Amarya magajiya ce, 'ya'yanta magada ne. Don haka maganar gidan Kaduna ba ta zartuwa sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwar, kuma a Malikiyya wannan yardar kyauta ce daga gare su. Kowa rabonsa kaɗai zai iya yafewa. In kai ka yafe, uwargida ta ƙi, nata na nan. Yaron da bai balaga ba kuwa ba ya yafewa, waliyyinsa ma ba shi da ikon yafe masa. Nan ne iyalai ke yawan yin kuskure, a zauna a falo manya su ce mun amince, bayan shekara goma ƙaramin ya girma ya tayar da maganar, kuma yana da gaskiya.

Miliyan 10 ɗin jikoki labarinsu daban, kuma a nan nake ganin malam liman ya yi gaggawa. Jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado matuƙar akwai ɗa namiji a raye, baffanninsa sun katange shi. Masar ta yi doka a 1946 da ta wajabta wa irin waɗannan jikoki wani kaso ko da kakan bai rubuta ba, amma kotunanmu Malikiyya suke bi, babu wannan tanadi. Tunda ba magada ba ne, wasiyya gare su halal ce, ita ce ma ƙofar da shari'a ta bar wa kaka don kada marayun ɗansa su tashi a tutar babu. Abin da ake buƙata shi ne shaidu adalai su tabbatar cewa Baba ne ya yi ta yana cikin hankalinsa, kuma kada ta wuce sulusi. Takardar lauyan da sa hannun shaidunta ita ce hujjar marayun nan. Wanda ya yaga ta, haƙƙin maraya ya yaga.

Ga misali da lissafi, don ka ga yadda abin ke tafiya. A ce bayan an biya bashi dukiyar ta kama naira miliyan 90. Sulusinta miliyan 30 ne, miliyan 10 ɗin jikoki na ciki, sai a fitar. Saura miliyan 80. Matan biyu suna da tumuni, miliyan 10, kowace miliyan 5. Saura miliyan 70 a raba wa maza uku da mata huɗu, namiji rabon mata biyu, kashi goma ke nan: kowace mace miliyan 7, kowane namiji miliyan 14. Wannan in iyayen Baba duk sun rasu. In mahaifiyarsa na raye tana da sudusi, lissafin ya canza. In kuma ɗaya daga cikin matan na da juna biyu, a Malikiyya ana dakatar da rabon ne gaba ɗaya sai ta haihu.

Akwai hanya ɗaya da amarya za ta iya riƙe gidan Kaduna, ku shirya jin ta: ta ce Baba ya ba ta shi kyauta tun yana raye. Kyauta ba ta da iyakar sulusi, kuma ana iya yi wa magaji. Amma sharaɗinta hauzi, wato wanda aka bai wa ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai kyautar ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali. In Baba ya ci gaba da zama a gidan, takardun na cikin durowarsa da sunansa, yana karɓar hayar shagunan da ke jikin gidan har ya rasu, da wuya alƙali ya ce an yi hauzi. Ita kanta wasiyyar hujja ce a kanta, domin mutum ba ya yin wasiyya da abin da ya riga ya bayar.

Yanzu Legas, inda abin ya fi sarƙaƙiya. Ita ma ta yi dokar wasiyyarta a 1990, ta rage shekarun mai wasiyya daga 21 zuwa 18, ta kuma sa togaciya. Sai dai togaciyarta ɗaya ce tak: dukiyar da al'adar mutum ta hana shi bayarwa. Ba ta ambaci shari'ar Musulunci ba. Irin wannan togaciya ta al'ada tana da haƙora, don da makamanciyarta Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Idehen da Idehen a 1991 cewa mutumin Bini ba zai iya ɗauke gidan da ya rayu ya mutu a ciki, wanda suke kira igiogbe, daga hannun babban ɗansa ta hanyar wasiyya ba. Tambayar ita ce, kalmar al'ada ta haɗa da shari'ar Musulunci? Lauyan da ku sauran magada kuka ɗauka zai ce ta haɗa, zai kawo tsoffin dokokin da suka sa su a kwando ɗaya. Lauyan ƙanwarka da aka rubuta wa gidan Legas zai ce a'a, zai ɗauko shari'ar Alkamawa da Bello ta 1998, inda Kotun Ƙoli ta ce shari'ar Musulunci ba al'ada ba ce, ba ta wata ƙabila ba ce, sannan ya ɗora da hukuncin 1971. Abin dariya abin takaici, maganar da Musulmi suka daɗe suna fafutuka a kai, cewa a daina kiran shari'a al'ada, ita ce za a juyo a sare ku da ita a nan. Shari'a saɓanin hankali. A ganina, ƙanwarka tana da ƙafar tsayawa a kan gidan Legas fiye da yadda amarya ke da ita a kan na Kaduna. Da a Abuja gidan yake ma, da ƙafarta ta fi ƙarfi, domin can dokar 1837 ɗin ce lauyoyi ke aiki da ita har yanzu.

Abu biyu za ku duba game da Legas. Ku kalli sunayen shaidun da suka sa hannu. A ƙa'idar da aka gada daga 1837, shaida ko matarsa ko mijinta ba sa cin abin da aka rubuta masu a wasiyyar da suka shaida. In mijin ƙanwarka na cikin shaidu biyun, gidan ya suɓuce mata ba tare da an taɓa maganar addini ba. Na biyu, dokar Legas ta bai wa matar mamaci da 'ya'yansa damar zuwa kotu su ce wasiyyar ba ta bar masu abin da zai riƙe su ba, amma cikin wata shida daga ranar da kotu ta tabbatar da wasiyyar. In wa'adin ya wuce, ƙofar ta rufe.

Sai dai ni ba zan tura ka kotun Legas da gudu ba. Na taɓa zama a ofishin rajistar wasiyya na wata Babbar Kotu ranar buɗe wasiyyar wani attajiri. Ambulan ruwan ƙasa, an liƙe bakinsa da jan danƙo, magatakarda ya ɗaga shi sama ya zagaya da shi kowa ya ga ba a taɓa ba, sannan ya yanka da reza. Kafin ya kai shafi na uku wata dattijuwa ta ja mayafinta ta fita, 'ya'yanta suka bi ta. Shekara bakwai aka yi ana shari'a. Gidan da ake faɗa a kai, 'yan haya suka daina biya tunda ba su san wa za su bai wa ba, rufin ya fara yoyo ba mai gyara, daga ƙarshe aka sayar da shi aka biya lauyoyi, mu ke nan, daga cikin kuɗin. Ƙanwarka Musulma ce. Ko kotun Legas ta ba ta gidan, hukuncin alƙali ba ya halatta abin da shari'a ta ce na magada ne. Ku sa wanda take jin nauyinsa ya zauna da ita, kawu ko gwaggo, ba kai ba, kai mai rabo ne. In gidan take so saboda can take aure, a yi masa kuɗi, a cire rabonta, ta cika wa sauran. Duk abin da kuka daidaita a kai, a rubuta, a kai gaban alƙali ya mayar da shi hukuncin sulhu.

Ko kun sasanta, akwai aikin takarda da ba makawa. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci don liman ya raba gado. Zai nemi takardar kotu: ko wadda ta tabbatar da wasiyya, wadda lauyoyi ke kira furobet, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Kamfanin fansho ma haka, dokar fansho ta 2014 ta ɗora sakin kuɗin asusun ma'aikaci a kan waɗannan takardu, kuma a jihohin Arewa ana karɓar umarni mai hatimi daga kotunan shari'a ko na yanki. Kada wani ya ce shi Baba ya rubuta a gurbin makusanci a fom ɗin banki don haka kuɗin nasa ne. An saba fassara gurbin nan da magaji, fassarar ce ke haddasa rigima. Wanda aka rubuta a wurin, wanda za a nema ne in wani abu ya faru, ba ya ƙara masa ko kwabo a kan rabonsa. Takardar da kuka karɓa a Kaduna kuma ba ta aiki a kan gidan Legas sai an kai ta Babbar Kotun Legas an sake buga mata hatimi, kuma za a biya kuɗi gwargwadon darajar gidan. In kun ji lauyan na shirin kai wasiyyar a tabbatar da ita kafin ku gama magana, ku shigar da takardar dakatarwa a ofishin rajistar, ba za a bayar da komai ba sai an saurare ku. Sannan dokar filaye ta 1978 ta ce ba a tsaga fili mai takardar mallakar gwamna gida biyu saboda gado sai da izinin gwamna. Masu jan katanga a tsakar gida kowa ya fasa ƙofarsa, ranar sayarwa suke gane ba su da takarda.

Jihohi ba su daina taɓa dokokin nan ba, kowace da inda ke yi mata ƙaiƙayi. Bayan Kotun Ƙoli ta soke al'adar Ibo ta hana 'ya mace gadon uba a shari'ar Ukeje a 2014, Jihar Ribas ta yi doka a 2022, gwamnan lokacin Nyesom Wike ya sa hannu, wadda ta haramta hana mata rabo a dukiyar iyali, Abiya ma ta yi tata a shekarar. Mu a nan rabon mace na cikin Suratun Nisa'i tun fil azal. Namu ciwon shi ne a bar gona da gida a hannun maza a ce wa mata ana juya masu, har su mutu ba su ga komai ba.

Kai ma magidanci ne, don haka ga abin da Baba zai iya yi da ya cim ma burinsa ba tare da wannan tashin hankali ba. Da yana son amarya ta samu matsuguni, sai ya ba ta gida tun yana da lafiya, ya sauya takardu zuwa sunanta, ya sakar mata. Tsakanin 'ya'ya kuwa an yi umarni da adalci a kyauta, hadisin Nu'umanu bin Bashir a kan haka yake. Da karatun ƙananan yara ne damuwarsa, sai ya yi hubusi, ya tsayar da gida ko shaguna, asalin ba a sayarwa ba a gado, amfanin na tafiya inda ya ambata, yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara. Kano da Sakkwato da Zamfara duk suna da hukumomin zakka da wakafi. Akwai kuma kamfanonin riƙon amana masu rajista da ke karɓar dukiya su juya ta ga waɗanda aka ambata, abin da aka miƙa masu tun mutum na raye ba ya shiga layin furobet. Sharaɗin duka ɗaya ne: dukiyar ta bar hannunka da gaske kana da ƙoshin lafiya. Abin da aka bayar a kan gadon ciwon ajali hukuncin wasiyya yake ɗauka, ya koma cikin sulusi, kuma bai halatta ga magaji ba.

Ita rubutacciyar wasiyya tana da amfani ga Musulmi ƙwarai, in an san abin da za a zuba a ciki: jerin dukiya da inda takardunta suke, bashin da ake binka da wanda kake bi, amanar mutane da ke hannunka, wasiyyin da zai tsaya a kan rabo da wanda zai kula da ƙananan yara, abin da ka ware daga sulusi ga jikoki marayu ko ɗan riƙo ko agola ko matar da ba Musulma ba, sai jimla ɗaya da ke cewa a raba sauran bisa shari'ar Musulunci a mazhabar Malikiyya. A sa hannu gaban shaidu biyu maza adalai da ba su da rabo a ciki, don ta tsaya a kowace kotu, a ajiye kwafi a ofishin rajistar Babbar Kotu. Mai gida a Legas ko Abuja ya fi kowa buƙatar wannan jimlar ta ƙarshe.

A wannan makon, ku nemi kwafin wasiyyar daga hannun lauyan, ku duba kwanan wata da sunayen shaidu, ku tambayi ko Baba na kwance ne lokacin da ya sa hannu. Ku rubuta duk abin da ya bari, ku sa mutum ɗaya da ɗakunan biyu suka yarda da shi ya riƙa karɓar haya yana rubutawa. Matan suna cikin takaba har wata huɗu da kwana goma su cika, kuma suna da haƙƙin zama a gidan, kada kowa ya ɗaga masu maganar tashi kafin nan.